Muhawara: Keke ko hannu, da wanne mai koyon aikin yumɓu zai fara?

Malama Rakiya, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina koyarwa a wata cibiyar koya wa mata sana'o'in hannu a nan Kaduna, kuma shugabannin cibiyar sun amince mu ƙara aikin yumɓu a kan ɗinki da saƙa da haɗa sabulu da muka saba yi. Kuɗin da aka ware mana bai taka kara ya karya ba, kuma an bukaci in gabatar da kayan da za a saya kafin ƙarshen wata. Wasu sun ce in fara da keken ginin tukwane domin shi ne zai ja hankalin ɗalibai, wasu kuma sun ce in jingine batunsa tukuna. Abin da muke son yi shi ne kaskon turaren wuta da tukwanen furanni da asusu, idan hali ya yi kuma har da kofuna masu ƙyalli irin na tangaran. Ina roƙon waɗanda suka san wannan aiki su nuna mini inda ya dace in fara sa kuɗin.

Injiniya Kabiru, Barnawa:
Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce ki yi keke, amma ba na lantarki ba, domin bai dace aji ya tsaya cak ba duk lokacin da aka ɗauke wuta. Keken ƙafa ba sai an shigo da shi daga waje ba. Idan kika kai wa masu walda na Panteka zane mai kyau za su haɗa miki shi: sandar ƙarfe a tsaye, boris ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, faifan ƙarfe a kai inda ake ɗora yumɓu, sannan babban faifai mai nauyi a ƙasa wanda ake shura da ƙafa, kuma ana iya samar da shi ta hanyar zuba kankare a cikin tsohuwar tayar mota. Nauyin wannan faifan ne ke sa keken ya ci gaba da juyawa bayan an ɗauke ƙafa. Hujjata kuwa ita ce kasuwa. Wanda ya zo sayen kofuna shida yana son su zo girma ɗaya, kuma hannu kaɗai ba zai ba da wannan daidaito cikin sauri ba.

Baba Audu, Rigasa:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ban goyi bayan wannan shawara ba. A gidan magina na tashi, a wani ƙauye kusa da Zariya, kuma duk randuna da tuluna da tukwanen girki da suka fita daga gidanmu zuwa kasuwa babu ɗaya da ta taɓa hawa keke.

Ga yadda ake yi, 'yata. Ana kifa tsohuwar tukunya mai kyawun siffa, a barbaɗa mata toka domin kada sabon yumɓu ya manne, sai a fyaɗa curin yumɓu ya yi faɗi a ɗora shi a kan gindinta, a riƙa bubbuga shi da dundunge, wato ɗan abin bugu na magina, yana sauka ta kowane gefe har ya kai tsakiyar cikin tukunyar. Daga nan sai a bar shi ya sha iska. A nan ake gane wanda ya iya aiki, domin idan aka yi gaggawar ɗaga shi zai lanƙwashe, idan kuma aka bar shi ya daɗe zai tsuke a jikin tsohuwar tukunyar ya tsage daga baki zuwa gindi. Da zarar ya yi ƙarfin tsayuwa da kansa sai a cire shi a juya, a mulmula yumɓu dogo-dogo a riƙa ɗorawa ana mannewa da babban yatsa har a kai kafaɗa da wuya. Hannu ɗaya yana riƙe da dutse mai santsi daga ciki, ɗayan yana buga katako daga waje, jikin tukunyar yana ƙara sirancewa yana ƙara ƙarfi. Bakin kuwa da jiƙaƙƙen ƙyalle ko 'yar fata ake zagaye shi.

Kayan aikin gaba ɗaya ba su wuce dundunge da katakon bugu da sakaina ta kankare ciki da totuwar masara ta yin ado da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare domin gogewa ba. Da kuɗin keke ɗaya za ki wadata mata ashirin da waɗannan, kowace ta riƙe nata, maimakon su yi layi suna kallon mutum ɗaya yana juya keke.

Dokta Hadiza, Malali:
Ina gaida Baba da Injiniya. Na karanci wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma abin da na lura shi ne an shiga gardamar kayan aiki alhali ba a san irin yumɓun da Malama za ta samu ba, bayan kuwa yumɓun ne zai nuna ko zai hau keke ko ba zai hau ba, kuma shi ne zai nuna iyakar wutar da zai iya jurewa.

Malama, kafin ki sayi komai, ki sa a ɗebo miki samfuri daga wurare daban-daban, kamar fadamun gefen Kogin Kaduna da ramukan da masu buga bulo ke haƙa, a ajiye kowanne daban a rubuta inda aka samo shi. A ture ƙasar sama mai ciyayi da saiwoyi, a ɗebi ta ƙasanta. Ki kwaɓa kaɗan daga kowanne, ki mulmula shi ya yi kaurin ƙaramin yatsa, ki naɗe shi a yatsanki. Wanda ya naɗu ba tare da ya tsattsage ba yana da danƙo, wanda ya kakkarye kuwa yashi ya yi masa yawa. Sai dai danƙon ma idan ya wuce kima matsala ne, domin irin wannan yumɓu yana tsukewa sosai wajen bushewa, kuma tsukewar ce ke jawo tsagewa da karkacewa.

Domin auna tsukewar, ki yi ɗan falle mai kaurin santimita 1, ki ja layi mai tsawon santimita 10 daidai a kansa tun yana ɗanye, ki sake auna layin bayan ya bushe, ki kuma auna bayan an gasa. Idan ya koma santimita 9, yumɓun ya tsuke da kashi 10 cikin 100, kuma wannan ba laifi. Idan ya gangara zuwa santimita 8 da rabi ko ƙasa da haka, sai an ƙara masa yashi mai laushi ko dakakken tsingaro. Wannan lissafin yana da wani amfanin kuma: idan aka yi odar tukunyar fure mai faɗin santimita 27, ɗalibarki za ta san cewa da faɗin 30 za ta gina ta.

Abu na ƙarshe shi ne a duba ko akwai burbushin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi. Idan kika ga fararen ƙwayoyi a cikin yumɓu, ki ɗiga musu ruwan khal, wato binega. Idan suka yi kumfa, to shi ne. Wannan dutse ba ya nuna illarsa a ranar gashi. Sai bayan kwanaki ko makonni, idan ya ja danshin iska ya kumbura, za a ga jikin tukunya yana ɓanɓarewa, da ɗan farin ɗigo a tsakiyar kowane gurbi, kuma sau da yawa a lokacin kayan sun riga sun shiga hannun mai saye.

Malama Rakiya, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Dokta. Idan an sami yumɓun da ya ci wannan gwaji, yaya ake gyara shi kafin a fara gini? Na ga wasu suna jiƙawa, wasu kuma suna dakawa a turmi.

Baba Audu, Rigasa:
Duka biyun ana yi, 'yata. A shanya shi ya bushe sarai, domin busasshen yumɓu ya fi saurin narkewa a ruwa fiye da mai ɗanshi, sannan a farfasa shi a zuba a rami ko rabin duro a sa ruwa ya kwana. Kashegari a tsince tsakuwa da saiwoyi, a barbaɗa dakakken tsingaro a ƙasa, a juye yumɓun a kai a tattaka shi da dugadugai har ya haɗu ya zama jiki ɗaya. Tsingaron ya riga ya sha wuta, ba zai sake tsukewa ba, shi ya sa yake riƙe tukunya a lokacin bushewa da lokacin gashi. Wanda aka kwaɓa aka rufe da leda ya yi kwanaki ya fi wanda aka kwaɓa yau daɗin aiki.

Dokta Hadiza, Malali:
A daidai nan hanyar Baba da ta Injiniya suke rabuwa. Yumɓun da Baba ya siffanta, mai tsingaro da yawa, shi ne mafi dacewa da ginin hannu da gashin fili, amma idan aka ɗora shi a keke zai ci gefen hannun ɗaliba tun kafin ta daidaita shi a tsakiyar faifai. Yumɓun keke sai an dama shi da ruwa mai yawa, a tace da rariya mai ƙananan idanu, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a shanya laka a kan buhu ko jan bulo har ta yi daidai riƙo. Bayan haka sai murza, wato a riƙa dannawa da tafin hannu ana naɗowa a kan tebur mai ƙarfi har iska ta fita kuma laushinsa ya zama ɗaya. A yanka curin da siririyar waya a duba fuskar yankan. Idan akwai ƙananan ramuka ko wani sashe ya fi wani tauri, murzar ba ta isa ba.

Ina kuma jan hankali game da daka da tankaɗen busasshen yumɓu a cikin ɗaki. Ƙurarsa tana ɗauke da garin yashi mai laushin da ido ba ya gani, wanda yake maƙalewa a huhu ya yi lahani a hankali cikin shekaru. A yi daka a fili da takunkumi, kuma ɗakin aiki a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya.

Injiniya Kabiru, Barnawa:
Baba, ranka ya daɗe, ba na raina aikin hannu, amma ina ganin kada mu riƙe matan nan a inda kakanninsu suka tsaya. Ladi Kwali da hotonta ke jikin naira 20 ai da hannu ta fara, amma ta koyi keke da tanderu da gilez, wato haɗin da ake shafa wa tukunya ya narke a wuta ya zama ƙyalli kamar gilashi, kuma ta nan duniya ta san ta.

Malam Yakubu, Kawo:
Injiniya, tunda ka kawo wannan misali, ya kamata a faɗe shi cikakke. Ladi Kwali ta koyi gini tun tana yarinya a garinsu Kwali, bisa hanyar matan Gbagyi, inda ake jan bangon tukunya daga curi ɗaya ana ƙara mulmulallen yumɓu, maginiya tana zagaya tukunyar da ƙafafunta. Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar horar da magina a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954 a matsayin mace ta farko, a lokacin da sunanta ya riga ya kai fadar sarki saboda kyawun tulunanta. Gaskiya ne ta koyi keke har ta yi farantai da kwanuka da shi, amma manyan tulunan da suka kai ta Ingila da Amurka, masu zanen ƙadangare da kunama da kifi, da hannu ta gina su, sai dai an canza yumɓun an sa gilez an gasa a tanderu mai zafi sosai. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Saboda haka misalin nata ya fi nuna cewa hannun da ya riga ya san yumɓu ba ya shan wahalar keke.

Baba Audu, Rigasa:
Madalla, Malam Yakubu. Kuma a tuna cewa tulun da aka sa wa gilez ya tashi daga aikin tulu. Abin da ke sanyaya ruwa a randa shi ne zufar da take yi ta ƙananan ƙofofin jikinta, iska tana busar da ita tana tafiya da zafin. Idan aka toshe ƙofofin nan ruwa ba zai yi sanyi ba, nauyi kuma ya ƙaru. Haka tukunyar girki: wadda aka gasa a fili tana zama a kan murhu shekara da shekaru, amma ɗora tangaran a kan wutar itace ka ga yadda zai fashe.

Sa'adatu, Kinkinau:
Iyayena da yayyena, ina neman afuwa da zan shigo da tawa matsalar. Ina gina kaskon turare a gida, amma a lokacin hunturu yawancinsu suna tsagewa a inda ƙafa ta haɗu da kwanon, wasu kuma marfinsu yana karkacewa. Na kai waɗanda suka tsira wurin wani mai gasa tukwane, sai wata 'yar kwalliya mai kauri da na yi ta fashe a cikin wuta ta lalata kayan da ke kusa da ita. Mai gashin ya ce iska ce na bari a cikin yumɓun.

Dokta Hadiza, Malali:
Ƙanwata, matsalolin naki biyu ne, kuma tushensu ruwa ne. Tsagewar mahaɗi tana faruwa idan aka haɗa ɓangarori biyu da ɗanshinsu bai zo ɗaya ba, domin wanda ya fi ɗanye zai ci gaba da tsukewa bayan ɗayan ya tsaya. Ki bar kwanon da ƙafar su sha iska tare har su kai matakin da yumɓu ya daina manne wa yatsa amma farce yana iya shigarsa, kuma launinsa bai fara haske ba. A wannan mataki ake yanka da huda da sa mariƙi da gogewa. Ki kakkarce fuskokin biyu da cokali mai yatsu ko tsinke, ki shafa damammen yumɓu mai kauri kamar kunu, ki danna su tare har ya ɓullo ta gefe, sannan ki bi mahaɗin da siririn mulmulallen yumɓu ki shafe.

Iskar hunturu kuwa tana busar da baki da gefuna alhali gindi yana nan ɗanye. Ki rufe kayan da leda sako-sako a kwanakin farko, a inuwa, nesa da taga, kuma ki kifa su da zarar bakin ya iya ɗaukar nauyi domin gindin ya sami iska. Marfi a bar shi ya bushe a kan kaskonsa, da takarda a tsakaninsu, domin su tsuke tare.

Batun fashewa, mai gashin ya faɗi abin da mutane da yawa ke faɗa, amma babban dalili shi ne tururi. Abu mai kauri yana iya bushewa daga waje cikinsa yana riƙe da ruwa, kuma da zarar zafi ya wuce digiri 100 a ma'aunin Celsius ruwan zai koma tururi ya nemi mafita da ƙarfi. Duk abin da kaurinsa ya wuce santimita 2 a rarake cikinsa a bar masa ƙofa. Kafin gashi ki ɗora kayan a kumatunki. Idan kika ji sanyi, akwai sauran ruwa.

Malam Yakubu, Kawo:
Wannan dabara ta raraka ciki tsohuwa ce a jiharmu. Sassaƙe-sassaƙen yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928 a kudancin Kaduna, kuma shekarunsu sun haura 2000, yawancinsu cikinsu rarake yake, an gina su da yumɓu mai tsakuwa-tsakuwa, kuma an huda ƙwayar ido da hanci da baki. Wanda ya je gidan tarihi ya duba su da kyau zai ga girman ƙwayoyin dutsen da ke jikinsu.

Malama Rakiya, Unguwar Rimi:
Yanzu na fahimci cewa gashi ne zai fi cin kuɗi da tunani. Shin dole ne mu gina tanderu tun farko, ko gashin fili zai wadatar da irin kayan da na lissafa?

Baba Audu, Rigasa:
Kasko da asusu da tukunyar fure duk matoya, wato wurin gashin fili, ta ishe su. Sai dai ba a kai tukunya matoya da sanyinta. A shanya ta a rana tun safe, sannan a kifa ta a kan ɗan garwashi ko a kunna ciyawa a cikinta har ta yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a jikinta ba. A shimfiɗa kirare a ƙasa, a jera manya a tsakiya baki yana kallon ƙasa, ƙanana a cike gurabe da su, a rufe da manyan tsingaro domin harshen wuta kada ya doki kaya kai tsaye, sannan a lulluɓe da kara da busasshiyar ciyawa da busasshen kashin shanu. Da yamma ake kunnawa, lokacin da iska ta kwanta, saboda iska mai kaɗawa tana sa gefe ɗaya ya yi ja ɗayan bai yi zafi ba. Duk inda aka ga wuta ta ɓula har kaya sun bayyana, a yi maza a jefa ciyawa a rufe.

Idan ana son tukunya ta yi duhu ta rage yoyo, ana zaro ta da doguwar sanda tun tana da zafi a yayyafa mata ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ko aka dafa. Bayan ta huce a ƙwanƙwasa ta da yatsa. Wadda ta gasu tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarta a dushe take, kuma ba a kai irinta kasuwa.

Dokta Hadiza, Malali:
Duk abin da Baba ya faɗa yana da dalili a ma'aunin zafi. Ɗumamawar farko tana korar ruwan da ya saura. Tsakanin digiri 450 zuwa 600 kuma ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayar yumɓun kansa yake fita, kuma daga nan abin ya zama tsingaro, ba zai sake narkewa a ruwa ba. A wajen digiri 573 yashin da ke ciki yana kumbura farat ɗaya, yana kuma tsukewa a daidai wurin idan ana hucewa, shi ya sa ba a son gaggawa a tanderu wajen hawa ko sauka. Yumɓun Baba yana jure gaggawar matoya ne saboda tsingaron da ke cikinsa. Yumɓun keke da aka tace ba zai jure ba. Gashin fili yakan kai tsakanin digiri 600 zuwa 900.

Kofi mai ƙyalli kuwa wani aiki ne daban. Akan yi masa gashin farko a wajen digiri 900 zuwa 1000, a tsoma shi a gilez, a goge gindinsa domin kada ya manne da inda aka ɗora shi a tanderu, a sake gasawa. Tangaran mai ƙarfi da ba ya shan ruwa yana bukatar digiri 1200 zuwa 1300, kuma jan yumɓun fadama, saboda ƙarfen da ke cikinsa, yakan kumbura ko ya narke kafin a kai can. Sai an haɗa da farin yumɓu irin na Ƙanƙara ta jihar Katsina, wanda ake kira kawolin, wanda yake jure wuta amma ba shi da danƙo shi kaɗai.

Malam Iliya, Kakuri:
Dokta, na ji wasu suna cewa idan aka niƙa abin da ke cikin tsohon batirin mota aka haɗa da garin kwalba, ana samun ƙyalli mai kyau ba tare da an kai wannan zafin ba. Tunda kuɗin Malama kaɗan ne, ko wannan zai zama mafita?

Nas Maryam, Badarawa:
Malam Iliya, don Allah kada kowa ya gwada wannan. Abin da ke cikin batirin mota dalma ce, kuma guba ce ga mai niƙawa da mai gashi da wanda zai ci abinci a kwanon, musamman idan abincin mai tsami ne kamar kunun tsamiya ko zoɓo ko nono, domin tsami yana jawo dalmar daga jikin gilez. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Cibiyar Malama ta mata ce, da yawansu da goyo za su zo, wasu da juna biyu, kuma dalma ta fi yin ɓarna a ƙwaƙwalwar ƙananan yara.

Dokta Hadiza, Malali:
Ina goyon bayan Nas ba tare da wani sharaɗi ba. Gilez marar haɗari ana haɗa shi daga tokar itace da aka wanke aka tace, da garin dutsen felsfa, wani dutse da ke narkewa ya zama kamar gilashi a wuta mai zafi sosai, da ɗan yumɓu, kuma wani sanannen ma'auni na farawa shi ne kashi 40 na toka, 40 na felsfa, 20 na yumɓu, sai dai ba ya narkewa sai a wajen digiri 1250. Jan bulo na gini ba zai jure wannan ba, bulon siminti kuwa ko kusa ba ya shiga aikin tanderu. Sai bulo na musamman, wanda ake iya bugawa daga kawolin da diddigar katako, diddigar ta ƙone ta bar ƙananan ramuka masu riƙe zafi. Wurin ginin tukwane na Mararaba da ke kan hanyar Zariya ya yi suna da irin wannan aiki na tangaran, kuma abu ne da ke bukatar wanda ya ƙware ya tsaya a kai. Kafin nan, ana samun sheƙi mai kyau a kasko idan aka shafa masa tataccen ruwan jar ƙasa tun bai gama bushewa ba, aka goge da dutse mai santsi ko bayan cokali.

Injiniya Kabiru, Barnawa:
Na ji bayanan, kuma har yanzu ina kan ra'ayin cewa cibiyar da ba ta da keke ko ɗaya za ta rasa ɗaliban da ke son abin zamani, ko da za a ajiye shi ne ga waɗanda suka yi nisa. Amma ina da tambaya ga Dokta da Baba. Idan za a gina ƙaramin tanderu na itace da jan bulo domin gashin da bai wuce digiri 1000 ba, mene ne ribarsa a kan matoya, kuma yaya za a san zafin ba tare da na'ura ba?

Dokta Hadiza, Malali:
Ribarsa ita ce ana iya sarrafa hawan zafi, asara tana raguwa, kuma a cikin gari kamar Unguwar Rimi maƙwabta ba za su jure hayaƙin matoya ba. Zagayayyen bango ne kawai, da ɗakin wuta a ƙasa, da dandamali mai ramuka da ake jera kaya a kai, a rufe saman da tsingaro ko tsohon kwanon rufi. A gina shi da laka, kada a sa siminti, kuma a wuri mai iska, ba cikin ɗaki ba. Ana fara wuta ƙarama na sa'o'i, a riƙa tara madubi ko gilashi a bakin saman; muddin yana yin gumi, tururi bai ƙare ba, kada a ƙara itace. Bayan haka launin cikin tanderu ne ma'auni: ja mai duhu yana nuna wajen digiri 600 zuwa 700, ja mai haske wajen 800 zuwa 900, ruwan lemo kuwa an kusa 1000. A gashin farko a sa fallayen gwajin nan masu layin santimita 10 a sama da tsakiya da ƙasa, domin a gane inda tanderun ya fi zafi.

Baba Audu, Rigasa:
Ƙari ɗaya a kan maganar Dokta. Sabon tanderu ba a fara shi da kaya. A bar ginin ya bushe, a kunna masa wuta ƙarama shi kaɗai, a liƙe duk inda ya tsage da laka mai yashi. Kuma a tanadi itace da kara tun rani a ajiye a rumfa, domin da damina ta sauka jiƙaƙƙen itace hayaƙi zai yi ta yi, zafin ba zai hau ba.